D'Tigers: 'Ya'yan namu ne, amma gonar da suka tsiro ta maƙwabta ce

Saura kwana tara Babbar Sallah ta 2021, garin Jos ya sha ruwa tun la'asar, sanyin damina ya sauko kamar yadda ya saba. Ƙarfe ɗaya na dare ya gota, an ɗauke wuta, ni da ɗan yayata muna zaure mun lulluɓa da bargo ɗaya, mun jingina waya da kofin shayi muna kallon abin da ke gudana a Las Vegas. Tawagar ƙwallon kwando ta maza ta Najeriya, D'Tigers, tana wasan sada zumunci da Amurka, ƙasar da ta ƙirƙiro wasan, kuma wadda ta fito da irin su Kevin Durant da Damian Lillard a daren. Da Precious Achiuwa ya yi tsalle ya tare Durant a bakin kwando, yaron nan ya miƙe da bargon gaba ɗaya, sai da na riƙe masa baki kada ya tashi mutanen gida. Aka tashi 90 da 87, Najeriya ce a sama. 'Yan wasanmu sun jefa ƙwallo mai maki uku har sau 20, Gabe Vincent shi kaɗai ya ci maki 21. Kafin wannan dare babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa doke Amurka a wasan.

Wanda bai san tarihin ba zai ce ai wasan sada zumunci ne kawai. Amma wanda ya kalli gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya san ciwon da aka sosa. A can Amurka ta yi mana 156 da 73, tazarar maki 83, Carmelo Anthony ya zuba 37 cikin mintuna ƙalilan. Shekara tara aka yi ana nuna hoton wannan allon maki duk sa'ad da ake son misalta wulaƙanci a filin wasa. Shi ya sa ban yi barci ba a daren Las Vegas.

Muna naɗe bargo sai yaron ya ce, "Kawu, a cikinsu wane ne ya yi wasa a nan?"

Na ce ai duk 'yan Najeriya ne. Achiuwa a Fatakwal aka haife shi, Josh Okogie kuma a Legas.

Ya ce, "A'a Kawu, ina nufin wanda ya buga wa Plateau Peaks ko Kano Pillars."

Shekararsa goma sha huɗu a lokacin, ya riga ya fi ni tsawo, kuma kullum da yamma yana filin kwando. Na yi shiru, domin amsar babu. A cikin mutum goma sha biyu da suka je gasar Olamfik ta Tokiyo bayan makonni biyu, takwas daga gasar NBA ta Amurka suka zo, sauran daga ƙungiyoyin ƙasashen waje. Babu ko ɗaya daga lig ɗinmu na gida. Tun daga wannan dare tambayar yaron take bi na, kuma ita ce dalilin wannan sharhi. Ra'ayina shi ne tawagar da muke tafa wa an raine ta ne a makarantu da ɗakunan atisayen wasu ƙasashe, mu kuma a gida mun bar gonar ta zama saura, kuma wannan sakaci shi ne yake kayar da D'Tigers a daidai lokutan da manyan sunaye ba sa iya zuwa.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ba na cikin masu cewa wanda aka haifa a Amurka ba cikakken ɗan ƙasa ba ne. Ike Diogu ya shafe shekaru yana amsa kira, ya zama gwarzon gasar Afirka ta 2017 da muka zo na biyu bayan Tunisiya. Al-Farouq Aminu ya bar hutunsa sau da dama ya zo ya sa koriyar riga. Chamberlain Oguchi shi ne gwarzon gasar 2015 a Tunisiya, inda muka doke Angola 74 da 65 a wasan ƙarshe, kofin Afirka ɗaya tilo da mazanmu suka taɓa ɗauka. Waɗannan mutane suna da zaɓi, wasunsu ma sun sa lafiyar ƙafafunsu da kwantiraginsu a haɗari, suka zo. Sun cancanci a gode musu. Abin aron a nan shi ne horon da suka samu: katakon da suka taka tun suna yara, kocin da ya gyara musu riƙon ƙwallo, likitan da ya duba gwiwarsu, gasar makarantu da ta gasa su. Najeriya ba ta kashe ko kwabo a kan wannan ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Ga inda katarar take fitowa. Daga 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sauya tsarin neman gurbin shiga manyan gasa. Maimakon a taru sau ɗaya lokacin hutu, sai aka rarraba wasannin zuwa zango-zango: wani a Nuwamba, wani a Fabrairu, wani a tsakiyar shekara. A Nuwamba da Fabrairu gasar NBA tana tsakiyar gudana, kuma ba ta sakin 'yan wasanta. Manyan ƙungiyoyin Turai ma ba kullum suke saki ba. Ma'ana, ƙasar da ke da taurari takwas a NBA za ta iya wayar gari a watan Fabrairu ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda zai ɗauki nauyin a ranar shi ne ɗan wasan da ke buga wa ƙaramar ƙungiya a waje, da wanda ke gida. Idan na gidan ya yi wata bakwai bai buga wasan gasa ba, to da me zai tari ɗan Angola da ke buga wa Petro de Luanda mako-mako?

Mun ga sakamakon da idonmu. Wata biyu bai cika ba bayan daren Las Vegas, aka yi gasar Afirka a Kigali, yawancin taurarin Tokiyo ba su je ba, Yuganda ta fitar da mu kafin mu kai zagayen ƙasashe takwas. Sai gasar cin kofin duniya ta 2023: Afirka tana da gurbi biyar, Angola ta samu, Masar ta samu, Kwaddibuwa ta samu, Sudan ta Kudu ta samu, har da Kef Bade, tsibiran da yawan mutanensu bai kai na garin Jos ba. Najeriya ta zauna a gida. A watan Agustan shekarar aka kawo wasannin share fagen Olamfik har Legas, a gabanmu Kamaru ta ɗauke tikitin. Ƙasar da ta halarci Olamfik sau uku a jere, Landan da Riyo da Tokiyo, ba a ga mazanta a Faris ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na Fabrairun 2024. Ana saura kwanaki a fara wasannin neman gurbin gasar Afirka a Monastir ta Tunisiya, sai labari ya fito cewa D'Tigers ba za ta je ba saboda babu kuɗi. Aka yi ta surutu, daga baya aka ce za a je. 'Yan wasa suka isa a ƙurarren lokaci, ba sansani, ba atisayen kirki, wasunsu ba su taɓa wasa tare ba. Libiya ta doke mu, Yuganda ta doke mu, Kef Bade ta doke mu. Jadawalin nan ba daga sama ya faɗo ba, an san shi tun da daɗewa. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai da aka je Tarabulus bayan shekara guda aka ci wasa uku a jere kafin a tsira da gurbin.

Mutum ba zai fahimci yadda aka kai nan ba sai ya koma kan rikicin shugabanci. A Yunin 2017 aka yi zaɓen hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, sau biyu: ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. Hukuma ɗaya, shugabanni biyu. Magana ta kai kotu, lig ɗin maza ya shiga tangal-tangal na shekaru, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya, domin babu kamfanin da zai zuba kuɗinsa inda bai san wanda zai sa hannu a takarda ba. A Janairun 2022 aka maimaita: zaɓe a Benin ya ba Musa Kida, zaɓe a Abuja ya ba Igoche Mark. Ba ni da sha'awar yanke hukuncin wanda ke da gaskiya a cikinsu. Ina maganar wanda ya biya kuɗin faɗan ne. A kakar 2022 ta gasar ƙungiyoyin Afirka, BAL, babu ƙungiyar Najeriya ko ɗaya. Ranar 12 ga Mayun 2022 gwamnatin tarayya, lokacin Sunday Dare yana ministan wasanni, ta sanar da janye ƙasar daga dukkan wasannin ƙwallon kwando na duniya na shekara biyu, wai don a gyara gida. Kafin watan Yuni ya ƙare an janye matakin, amma ɓarnar ta riga ta auku. Matanmu, D'Tigress, waɗanda suka yi gumi suka samu gurbin gasar duniya a Sidni, an cire su an sa Mali. Maganin da aka ce za a ba mara lafiya sai ya faɗa kan mai lafiyar gidan.

A duk tsawon waɗannan shekaru akwai yara da suke girma. Wannan shi ne abin da masu faɗa a otal-otal na Abuja ba sa lissafawa. Yaron da yake da shekara goma sha bakwai a 2017, a 2022 ya kai ashirin da biyu. Shekarun da ɗan wasan kwando ke zama abin da zai zama ke nan, kuma ba sa dawowa.

Bari in nuna muku filin da ɗan yayata yake zuwa. Siminti ne a fili, ba rufi. Ya tsattsage ta gefen gabas, ciyawa na leƙowa ta tsagin, har yaran sun san inda ƙwallo ke baudewa idan ta faɗa, suna kauce masa ba tare da sun duba ƙasa ba. Allon kwando ɗaya na ƙarfe ne da mai walda ya haɗa, zoben ya sunkuya saboda masu rataya a jikinsa, raga kuwa sai ranar da wani ya yi kyauta. Ƙwallo uku suke da su, biyu sun yi sumul kamar ƙwarya. Na taɓa ganin yara biyu suna karɓa-karɓa da takalmi ɗaya: wanda aka canza ya zauna ya kwance, wanda zai shiga ya ɗaura, ya cusa takarda a gaba saboda ya yi masa yawa. Daga Yuni zuwa Satumba, da hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, atisaye ya ƙare, domin simintin da ya jiƙe karya ƙafa yake yi. A garin da damina ke da ƙarfi irin Jos, wannan kusan kashi ɗaya cikin uku na shekara ne.

Kocinsu ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ritaya, ba wanda ke biyansa. Ranar da na je gaishe shi, na ce, "Koci, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka." Ya amsa, sannan ya nuna mini wani dogon yaro da ke can yana koyon jifa da hannun hagu. Ya ce, "Malam, ka ga wancan? Idan ya samu shekara uku a kan katako da abinci mai kyau, ba na jin kunyar nuna shi ko'ina. Amma ni iyakata nan. Daga nan sai ina?" Ban iya ba shi amsa ba, kamar yadda ban iya ba ɗan yayata ba.

Akwai kuma wani abu a filin nan da ya sa nake ganinsa da daraja fiye da wasa. Kowa ya san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa Jos, yadda unguwanni suka rabu, har mutum ya girma bai taɓa taka wata unguwa da ke nesa da shi da tafiyar minti goma ba. A filin kwandon nan na ga yaron Gangare da na Tudun Wada a ƙungiya ɗaya, na ga ɗan Unguwar Rogo yana miƙa wa ɗan Unguwar Rukuba ruwa. Idan aka kira magariba wasu su tafi alwala, sauran su zauna kan siminti su jira su. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, fili ƙarami ne, mita 28 a tsawo da 15 a faɗi, kuma daƙiƙa 24 kacal gare ku ku jefa. Wasan ba ya barin ka ka ƙi miƙa wa wani ƙwallo saboda sunansa. Gwamnatocin da ke kashe kuɗi a tarukan zaman lafiya su zo su ga abin da buhunan siminti da zobe biyu suke yi.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa, ko da yake mu da kanmu mun fara mantawa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a can, ya koyi wasan. Shi ne ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ɗauki kofin NBA a 2019, kuma tun 2003 yake gudanar da sansanonin horar da matasa na Giants of Africa. Kano Pillars ta yi shekaru tana mamaye lig ɗin ƙasar nan. Akwai Gombe Bulls, akwai Bauchi Nets, akwai Plateau Peaks a nan Jos, akwai Mark Mentors ta Abuja da ta taɓa zama zakara. An raba lig ɗin gida biyu, shiyyar Savannah da ta Atlantic, kuma shiyyarmu ba kanwar lasa ba ce. Kocin da ya jagoranci D'Tigers a gasar Afirka ta 2025 a Angola, Abdulrahman Mohammed, a lig ɗin nan ya yi suna. Sun ci wasanninsu uku na rukuni, har da Tunisiya mai riƙe da kofin, kafin Senegal ta tsayar da su a zagayen ƙasashe takwas. Tushen yana nan, ban-ruwa ne babu.

Dubi waɗanda suka kai wasan ƙarshe a wannan gasa. Angola ta ɗauki kofin karo na 12. Ba ta da tarin 'yan NBA kamar mu, abin da take da shi ƙungiyoyi ne masu biyan albashi, irin su Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, da ɗakunan wasa, da lig da ba ya tsayawa. Petro ce ta ci BAL a 2024. Wadda ta kara da ita kuwa Mali ce, ƙasar da ke fama da yaƙi da talauci fiye da mu. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne: a 2019 matasanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Girka, Amurka kaɗai ta tsayar da su. Aka riƙe yaran nan, aka ci gaba da tara su, bayan shekara shida wasunsu suka kai babbar tawaga wasan ƙarshe na Afirka. Tunisiya ta ci kofin a 2011 da 2017 da 2021 da 'yan wasan da akasarinsu suka fito daga lig ɗinta. Senegal ta gina babban ɗakin wasa a kusa da Dakar, kuma makarantar horaswa ta NBA a Afirka a ƙasar aka kafa ta. Ruwanda ta gina nata a Kigali, kuma a can aka fara BAL a 2021.

Na san abin da mai musu zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce to Sudan ta Kudu fa? Ƙasar da ta samu 'yanci a 2011, ba ta da lig ɗin a zo a gani, 'yan wasanta 'ya'yan gudun hijira ne da suka tashi a Ostireliya da Amurka da Kanada, amma ta je gasar duniya, ta je Olamfik, ta doke Puerto Rico, kuma da maki ɗaya Amurka ta sha da ƙyar a hannunta a wasan sada zumunci a Landan a 2024, 101 da 100. Gaskiya ne. Amma a duba abin da suka yi da 'yan wajen nasu. Luol Deng, tsohon ɗan wasan NBA, ya karɓi shugabancin hukumarsu, ya sa aljihunsa, ya tara rukuni guda na 'yan wasa, yawancinsu ba 'yan NBA ba, waɗanda suke zuwa a Nuwamba, su zo a Fabrairu, su zo a Agusta. Sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Mu kuwa kusan kowane zango da sababbin fuskoki, koci ya canza, jerin sunaye ya fito saura kwana kaɗan. Sudan ta Kudu ta dogara da 'yan waje ne saboda yaƙi ya hana ta zaɓi. Mu muna da mutum sama da miliyan 200, da jami'o'i, da ƙungiyoyi masu tarihi. Uzurinsu ba namu ba ne. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zo ta uku a BAL a 2024, ta nuna abin da ƙungiyar gida za ta iya idan an tsaya mata.

Wani kuma zai ce ai matan suna cin kofi a ƙarƙashin hukuma ɗaya, to ina matsalar? D'Tigress sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris, ƙarƙashin koci Rena Wakama, suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas a Olamfik. Ina alfahari da su matuƙa. Amma su ma a 2021 sai da suka fito a bidiyo suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Da suka dawo daga Abijan a 2025, shugaban ƙasa ya ba kowace 'yar wasa dala dubu ɗari da gida da lambar girma. Sun ci guminsu, ba na ƙyashi. Tambayata ita ce, me ya sa kuɗi ke samuwa bayan nasara cikin kwana ɗaya, amma kuɗin tikitin jirgi da na sansani kafin wasa sai an yi kuka a jarida? Ladan 'yar wasa biyu kacal zai shimfiɗa katako ya kafa agogon wasa a wani ɗaki a Jos.

Yanzu an rushe ma'aikatar wasanni tun Oktoban 2024, an dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Abin da nake nema a wurinta da NBBF ba mai wuyar fahimta ba ne. A sa wa lig ranar farawa da ranar ƙarewa, a buga shi gida da waje na watanni, ba a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na mako biyu a ce an yi kaka ba. Ɗan wasan da ya buga wasa goma sha biyu a shekara ba ƙwararre ba ne, ko me aka rubuta a katinsa. Ƙungiyar da ba ta biyan albashi a hana ta rajista, ko da ta gwamnatin jiha ce. Ɗakin wasan da ke babban filin wasa na Moshood Abiola a Abuja, wanda aka gina don wasannin ƙasashen Afirka (All-Africa Games) na 2003, ya zama gidan D'Tigers na dindindin, inda za a riƙa tara zaɓaɓɓun 'yan gida ko babu gasa a gaba, domin ranar da aka kira su a Fabrairu su zo a matsayin tawaga. Gasar duniya ta 2027 a Katar za a yi ta, kuma ƙasar Afirka da ta fi kowa taka rawa a can ita ce ke samun tikitin Olamfik kai tsaye, kamar yadda muka samu a Sin a 2019. Hanyar Los Angeles ta 2028 ta cikin waɗannan zangunan da taurari ba sa zuwa take bi.

Mu ma Hausawa da sauran mutanen Arewa akwai namu laifin, kuma ba zan tsallake shi ba. Attajirinmu zai sayi riguna saiti goma ya raba wa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na unguwa, amma ka ce masa ƙwallon kwando sai ya ce wannan ai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Shirye-shiryen wasanni na Hausa a rediyo za su yi awa guda kan Firimiyar Ingila da Laliga, D'Tigers kuwa sai ta doke Amurka ake ambatonta. Jos ta fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa saboda kowane lungu akwai inda yaro zai buga tamaula, kuma akwai mai kallonsa. Dogayen yaran da ke yawo a Filato da Bauchi da Adamawa, waɗanda ake tsokana da tsawonsu a makaranta, ba wanda ya taɓa miƙa musu ƙwallo ya ce gwada. Makarantun sakandarenmu na kwana da yawa suna da tsofaffin filayen kwando da aka gina tun zamanin iyayenmu, yau shanya ake yi a kansu.

Ɗan yayata ya gama sakandare. Ya je gwaji wata ƙungiya a wata jiha, aka ɗauke shi, muka yi murna, uwarsa ta yi masa dambun nama ya tafi da shi. Ya yi wata biyar a can, su shida a ɗaki ɗaya, alawus sau ɗaya ya gani, ranar fara gasa kuma aka yi ta ɗagawa. Da ya gurɗe a idon sawu, da kuɗinsa ya je wurin mai ɗori. Ya dawo gida ya rame. Yanzu yana taya wani abokin babansa sayar da kayan waya a kasuwar Terminus, kuma duk wanda ya shigo shagon sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, wannan tsawo haka, ba ka buga kwando?"

Bai daina zuwa filin ba. Da la'asar idan ya rufe shago yakan hau Keke ya je ya taya Koci da ƙananan yara. Makon jiya ya same ni a zaure bayan isha'i, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, zoben gabas ya karye gaba ɗaya. Mun yi karo-karo, saura kuɗin mai walda." Na ba shi abin da ya sawwaƙa, ranar Asabar kuma na bi shi. Mai walda ya zo da janaretonsa a baro. Kafin ya kunna, Koci ya ce a dakata, ya zaro tef ɗin tela daga aljihu, ɗan yayata ya hau kan benci ya riƙe bakin zoben, wani yaro ya danne ƙarshen tef ɗin a ƙasa. Tef ɗin bai kai ba, sai da aka auna sau uku ana sa alama da gawayi a jikin ƙarfen, har aka cika mita uku da santimita biyar, daidai tsayin zoben da Achiuwa ya tare Durant a bakinsa. Sannan Koci ya ce wa mai walda, "Bismillah, ɗora a nan."